Kasa Karanta Faifai Wajen Kwafar Manyan Fayiloli: Bayani ga Masu Sana'ar Hoto da Masu Adana Tarihi a Birnin Kano

Gabatarwa

A cikin ganuwar birnin Kano, abin da a da ake ajiyewa a gafaka ko a akwatin kaset yanzu mafi yawansa ya koma faifan ajiya na kwamfuta. Masu ɗaukar bidiyon biki da na hawan Sallah, da masu naɗar tafsirin watan Ramadan a masallatai, da masu tura fina-finai a kewayen kasuwar Ƙofar Wambai, da zuriyar malaman da suka fara ɗaukar hoton littattafan da kakanninsu suka rubuta da hannu, duka aikinsu ya rataya ne a kan ɗauke manyan fayiloli daga wannan faifai zuwa wancan. Sau da yawa kwafar takan yi nisa, sai ta tsaya cak, kwamfuta ta ce ba ta iya karanta fayil ɗin ba.

Mun shirya wannan bayani ne domin mai karatu ya san abin da wannan saƙo yake nufi da kuma abin da ya kamata ya yi. Muhimmin abin da muke so a riƙe shi ne cewa faifan da ya fara gardamar karatu yana iya kasancewa a ƙarshen rayuwarsa, kuma duk sa'ar da ya ƙara yana juyawa raguwa ce daga abin da ya saura masa. Saboda haka ceto abin da ke ciki shi ne gaba, gyaran faifan kuma daga baya.

Dalilin da ya sa babban fayil ne yake tona asirin faifai

A cikin faifan ajiya akwai faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. An yanka fuskar farantin gurbi-gurbi. A tsofaffin faya-fayai kowane gurbi yana ɗaukar bait 512, a sababbi kuma, tun wajen shekarar 2011, bait 4,096. Kowane gurbi yana tafe da lambobin tantancewa nasa. Idan allura ta karanta gurbi, lissafi bai fito daidai ba, sai ta sake gwadawa sau da dama. Idan ta gaza, sai faifan ya sanar da kwamfuta, ita kuma ta dakatar da kwafar baki ɗaya.

Takardar wasiƙa gurabe kaɗan ta mamaye, don haka da wuya ta faɗa kan gurbin da ya lalace. Amma bidiyon biki mai gigabait 50 ya shimfiɗu ne a kan gurabe fiye da miliyan 12, kuma guda ɗaya tak ya isa ya tsayar da aikin. Ban da haka, kwafar irin wannan fayil takan sa faifai aiki ba hutu na tsawon lokaci, ya yi zafi, ya ja wuta sosai, kuma a nan ne duk wani rauni da ke ɓoye yake fitowa fili. Ko kamfanonin da ke ƙera faya-fayan ba su yi alƙawarin karatu marar kuskure ba. A takardun bayanin faya-fayan gida da yawa an rubuta cewa ana iya samun kuskure ɗaya da ba ya gyaruwa a cikin karatun da ya kai kimanin terabait 12.5.

A fara karanta saƙon da kyau

Mutane da yawa sukan rufe saƙon da ya fito kafin su karanta shi, alhali kuwa rabin maganin yana cikinsa. Da yake Windows da Turanci take magana a yawancin kwamfutocinmu, mun kawo saƙonnin yadda suke fitowa.

Idan ta ce “The file is too large for the destination file system”, to a kwantar da hankali, babu abin da ya lalace. Filashi ko memorin da ake turawa a ciki yana kan tsarin FAT32 ne, wanda ya fito a 1996, kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da akwai sararin gigabait 100 a cikinsa. Wannan yakan sami masu juyar da tsofaffin kaset ɗin MiniDV zuwa kwamfuta, domin sa'a ɗaya ta irin wannan kaset tana cin kimanin gigabait 13. Maganin shi ne a kwashe abin da ke cikin filashin zuwa wani wuri, a sake masa tsari zuwa exFAT, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 2006, ko kuma NTFS. A lura, wurin da ake turawa ne za a sake wa tsari. Kada a kuskura a taɓa faifan da fayil ɗin yake ciki.

Idan kuwa saƙon ya ce “Data error (cyclic redundancy check)” ko “Can't read from the source file or disk”, ko aka ga lamba 0x80070017 ko 0x8007045D, to magana ta canza. Kwamfuta ta nemi bayani ne ba ta same shi daidai ba, kuma laifin yana ɗaya daga wurare uku: faifan da ake ɗaukowa, ko hanyar da bayanin yake bi, ko kuma wurin da ake kaiwa.

Akwai alama mai sauƙi da takan raba gardama. Idan kwafar tana tsayawa a wuri guda kullum, misali a kashi 63 cikin 100 na fayil ɗaya, to gurbi ne ya lalace a faifan asali. Idan kuma yau ta tsaya nan, gobe can, ko faifan ya ɓace ya sake dawowa da ƙarar da Windows take yi idan an cire abu an mayar, to a fara tuhumar waya da wuta. Gwaji biyu ya isa a gane wannan. Ba ma ba da shawarar a yi ta maimaitawa sau goma.

Waya, rami da wuta

A ganinmu wannan ne ɓangaren da aka fi rainawa, kuma shi ne mafi arhar magani. Ramin USB 2.0 yana ba da wutar da ba ta wuce miliyamfa 500 ba, na USB 3.0 kuma 900. Ƙaramin faifan waje mai faranti, wanda ba shi da wayar wuta tasa, yana bukatar kusan duk wannan, musamman lokacin da yake tashi. Idan aka haɗa shi da doguwar waya mai arha, ko ramin gaban kwamfutar tebur, ko na'urar raba rami ɗaya gida huɗu da ba ta da wutar kanta, sai ya riƙa yin ƙara ƙas-ƙas yana mutuwa yana farfaɗowa, mai shi ya zaci ya lalace. A canza waya da gajeriya mai kauri, a soka shi a ramin bayan kwamfuta kai tsaye, a cire sauran na'urorin da ke shan wuta. Idan hali ya yi, a gwada a wata kwamfutar. Akwatin da aka sa faifan a ciki shi ma yakan lalace alhali faifan lafiyarsa ƙalau, kuma masu gyara a titin Beirut da kasuwar Farm Centre sun saba da cire shi su haɗa kai tsaye.

Yanayin birninmu yana da nasa hannu. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba kasafai take shiga inda farantin yake ba, amma tana cika ramukan USB, tana toshe fankar kwamfuta. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, kuma ɗan shago mai rufin kwano a lungun kasuwa ya fi haka. Yawancin faya-fayai an ƙayyade musu iyakar digiri 55 ko 60 a lokacin aiki, kuma faifan da ke cikin akwatin roba yana kwafa sa'a biyu ba ya rasa kusantar wannan iyaka. Babbar kwafa a yi ta da sassafe ko da dare, a sa faifan a kan tebur mai ƙarfi inda iska take bugawa, ba a kan katifa ko darduma ba, kuma kada a ɗaga shi yana juyawa.

Sai kuma ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareta. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, gurbin da ake rubutawa yana iya zama rabi-da-rabi, daga baya ya ƙi karantuwa ko da yake farantin bai ji rauni ba. Wanda duk yake wannan sana'a da kwamfutar tebur ba tare da na'urar UPS ba yana caca ne da kayan mutane. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai kyau ta fi aminci a nan.

Tambayar faifan lafiyarsa

Kowane faifai na zamani yana riƙe da lissafin lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART, kuma manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna shi cikin daƙiƙoƙi ba tare da ta wahalar da faifan ba. Layuka da yawa za su fito, amma kaɗan ne abin dubawa. Layi na 5 yana ƙirga guraben da suka lalace aka maye su da na ajiya. Layi na 197 yana ƙirga waɗanda suka ƙi karantuwa ake jiran hukunci a kansu, na 198 kuma waɗanda aka gaza gyarawa. Manhajar takan rubuta waɗannan lambobi da tsarin ƙidaya mai haruffa, inda 197 yake fitowa a matsayin C5, 198 kuma C6. A faifai mai lafiya duka ukun sifiri ne. Layi na 199, wato C7, daban yake: idan shi kaɗai yake hawa, to waya ce ko mahaɗi, faifan ba shi da laifi.

Darajar waɗannan lambobi ba zato ba ne. A 2007 injiniyoyin kamfanin Google uku, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber da Luiz André Barroso, sun wallafa binciken da suka yi a kan faya-fayai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka maye wa gurbi karo na farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har fiye da sau 14. Amma sun kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na faya-fayan da suka mutu ba su nuna wata alama ba ko kaɗan. Ma'ana, idan SMART ta ce akwai matsala a yarda da ita, idan ta ce lafiya lau kada a saki jiki. Binciken bai ga zafi yana kisa kamar yadda ake zato ba, sai dai faya-fayan nasu a ɗakuna masu na'urar sanyaya iska suke, ba a shagon kwano ba.

Kunne ma yana da amfani. Faifan da yake ƙara ƙwas-ƙwas a kai a kai bayan an tabbatar wutarsa ta wadata, ko yake kukan gogayya kamar ana niƙa, allurarsa ce ta sami matsala. A kashe shi nan take.

Abubuwan da bai kamata a yi ba

Shawarar da aka fi bayarwa a shaguna ita ce a gudanar da umarnin CHKDSK tare da /r. Wannan umarni an yi shi ne domin daidaita tsarin fayiloli, kuma yana yin haka ne ta hanyar karanta faifan tun daga farko har ƙarshe, yana nacewa a kan kowane gurbi mai rauni, yana kuma rubutu a kansa. A faifai mai lafiya wanda ɗaukewar wuta ta rikita, yana da amfani. A faifan da ke gargara kuwa, sa'o'in da zai ɗauka su ne sa'o'in da ya kamata a yi ceto da su, kuma yana iya datse fayilolin da suka sami rauni ya zuba gutsattsarinsu a wata folda mai suna FOUND.000. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Haka nan idan Windows ta ce sai an yi wa faifan fomat kafin a yi amfani da shi, a ƙi. Kada a yi amfani da umarnin yanke-ka-liƙa wajen ɗauke fayil mai daraja. A kwafa, a tabbatar, sannan a goge. Kada a sa faifai a firiji kamar yadda wasu suke faɗa, domin raɓar da zai yi idan ya fito ta isa ta ƙarasa shi. Kada kuma a kwance murfinsa a shago. Ƙwayar ƙura guda ta fi tazarar allura da faranti girma nesa ba kusa ba.

Yadda ake ceto

Idan faifan yana buɗewa kuma guraben da suka lalace kaɗan ne, a fara ɗauke abin da ba shi da madadi: asalin ɗaukar biki, hotunan littattafan hannu, takardun gida da na gado. Fim ɗin da za a iya samu a wurin wani ya jira. Kwafar Windows ta yau da kullum takan tsaya tana jiran amsa, don haka ya fi kyau a yi amfani da umarnin Robocopy, wanda yake cikin kowace Windows tun daga Vista. Sai dai akwai tarko a cikinsa: idan ba a faɗa masa ba, zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Dole a ƙara masa /R:1 da /W:1 domin ya gwada sau ɗaya ya wuce, a kuma ƙara /LOG domin ya rubuta sunayen waɗanda suka gagara.

Idan lalacewar ta yi yawa, ko babban fayil ɗin da ya ƙi shi ne ake bukata, to hanyar da masana suka fi yarda da ita ita ce a kwafe faifan ɗungurungum zuwa wani lafiyayye wanda ya kai shi girma ko ya fi shi, da manhajar GNU ddrescue. Antonio Diaz Diaz ne ya rubuta ta, ta fara fitowa a 2004, kyauta ce, kuma a kan Linux take aiki, wadda ake iya tayar da kwamfuta da ita daga filashi ba tare da an taɓa Windows ba. Hikimarta ita ce ba ta tsayawa faɗa da gurbi mai gardama. Takan tsallake shi ta kwashe duk wurare masu sauƙi tukuna, sannan ta dawo tana matsowa kusa da wuraren da suka lalace daga gaba da baya. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai, ta yadda ko wuta ta ɗauke, za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wannan taswira a ajiye ta a wuri na uku. Babban haɗarin aikin shi ne juya sunayen faya-fayan biyu a cikin umarnin, domin idan aka yi haka fankon faifai ne zai hau kan mai kaya. Wanda bai saba ba ya nemi wanda ya saba, ya kuma tsaya a kansa a karanta girma da lambar kowane faifai kafin a danna.

Bayan an gama, CHKDSK da duk wata manhajar dawo da fayiloli a kan kwafin za a gudanar da su, asalin kuma a ajiye shi gefe. Bidiyo yana da haƙuri: idan gurabe kaɗan suka ɓace, sau da yawa ɗan tsalle ne na ƙasa da daƙiƙa za a gani. Fayil ɗin da aka matse, irin su ZIP, ba shi da wannan haƙuri, abin da ya sa ba ma son a tara aikin shekara guda a matse shi fayil ɗaya.

Idan wurin da ake kaiwa ne mai laifi

Akwai filashi da memori na jabu da aka sauya wa lissafi, su ce gigabait 128 ne alhali 8 ne kawai a ciki. Kwafa takan tafi lafiya, sunayen fayiloli su fito, amma duk abin da ya wuce ainihin girman ya tafi iska, sai ranar buɗewa a ga saƙon kasa karantawa. Manhajar H2testw, wadda mujallar kwamfuta ta c't ta ƙasar Jamus ta fitar, tana cika sararin ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa. Duk sabon filashi ko memorin kyamara a yi masa wannan gwaji kafin a je ɗaukar ɗaurin aure da shi.

Tabbatarwa da ajiya

Ganin cewa kwafa ta kai kashi 100 ba shaida ba ce cewa kwafin daidai yake da asali. Windows tana da umarnin certutil -hashfile, wanda idan aka ba shi sunan fayil da kalmar SHA256 zai fitar da jerin haruffa da lambobi 64, tamkar zanen yatsan fayil ɗin. A yi wa asali, a yi wa kwafi. Idan suka zo ɗaya, aiki ya yi. Idan suna saɓawa alhali faya-fayan biyu lafiyarsu ƙalau, to a gwada ƙwaƙwalwar RAM ta kwamfutar.

Masana'antar fina-finan Hausa, wadda ake ƙirga farkonta daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta ratsa kaset ɗin bidiyo, ta ratsa faifan CD mai megabait 700 da DVD mai gigabait 4.7, ta iso faifan ajiya, kuma a kowane sauyi abin da yake da kwafi ɗaya ne kawai yake cikin haɗarin salwanta. Masu adana tarihi sun san wannan. Shirin ceto takardun tarihi na Laburaren Birtaniya, wanda aka kafa a 2004, ya tallafa wajen ɗaukar hoton wasu takardun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, kuma ƙa'idarsa ita ce asalin takarda ya zauna a ƙasarsa, kwafin hotunan kuma ya kasance a nan gida da kuma can London. Mai shagon bidiyo ma zai iya bin wannan gwargwadon ƙarfinsa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ta isa ta nuna cewa faifai biyu a shago ɗaya kwafi ɗaya ne.

Masu komawa faifan SSD, wanda ba shi da faranti ko allura, su sani cewa ya fi jure faɗuwa da girgiza, amma yakan mutu farat ɗaya ba tare da ƙara ko gargaɗi ba, kuma ceto daga cikinsa ya fi wuya. Bai kuma dace da jefawa a durowa shekara da shekaru ba. Ƙa'idar da masu ƙera shi suke bi ta ce wanda ya cinye adadin rubutun da aka ƙiyasta masa ya riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30, kuma lokacin yana raguwa idan zafi ya ƙaru. Faifan da aka ajiye, ko wane iri ne, a riƙa fito da shi sau ɗaya ko biyu a shekara, a duba layi na 5 da na 197, a gwada zanen yatsan manyan fayilolinsa da wanda aka rubuta ranar da aka ajiye shi.